Motar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Zuwa ga Dogo mai gareji,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Na gode da zuwanka ta'aziyyar maigidana, Allah ya ba da lada.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Maganar waya iska ce, gobe sai mutum ya ce ba haka ya faɗa ba. Shekara talatin na yi ina shugabancin makaranta, abin da ba a rubuce yake ba ban san da zamansa ba. Don haka kai ma a rubuce nake son amsarka.

Maganar koriyar motar marigayi ce, mai kujera biyun nan ta tsere. Takardunta da sunana suke, ka sani. Tana nan a rumfa cikin tamfol, ni ba iya tuƙi na yi ba, kuma duk safiya in na buɗe tagar kicin ita nake fara gani, raina ya ɓaci. Wani likita ya zo da dillali sun duba ta. Da likitan ya leƙa mita ya ga kilomita dubu goma sha tara kacal, a motar da ta shekara ashirin da biyu, sai da ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Nan take ya taya miliyan tara.

Saurin nan nasa ne bai kwanta min ba. Wanda ya taya tara ba a ja da shi ba, wataƙila ya san ta kai sha biyu. Kai ka fi kowa sanin cikin motar nan, tunda kusan rabin rayuwarta a garejinka ta yi shi. Faɗa min kuɗinta na gaskiya, kada ka rage, kada ka ƙara.

Ka huta lafiya.
Malama

*

Ranki ya daɗe Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kin tashi lafiya, ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙan maigida, mutum ne da ban taɓa ganin irinsa ba.

Takardarki ta same ni ina ƙarƙashin wata mota, sai da na wanke hannu sau biyu kafin na taɓa ta. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun sifana ne.

Malama, shawarata ita ce kada ki sayar wa likitan nan. Motar ba ta kai tara ba. In don Allah za a yi magana, miliyan huɗu ne kuɗinta, in an matsa huɗu da rabi. Na san lambar mitar tana da daɗin gani, amma ita mota ba mita kaɗai ake dubawa ba. Akwai abubuwan da sai wanda ya shiga ƙarƙashinta ya sani.

In kin ƙagu ki daina ganinta, ni zan saya a huɗun. Ki ba ni wata ɗaya in sayar da janwen gareji, motar da nake jan motoci da ita, in haɗa. Amma da za ki ji ta tawa, da kin bar ta tukuna, ba ta cin abinci, ba ta neman kuɗin haya. Kuma ko za ki sa a tuntuɓi ɗanki kafin a yi komai? Ba shisshigi nake ba, gani na yi motar mahaifinsa ce.

Allah ya ƙara girma.
Naki mai biyayya, Dogo

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ciwon gwiwar maigidanki? Ki ce masa ya rage hawa bene.

Zauna ki sha labari. Likita ya taya motar marigayi tara. Na tambayi Dogo bakanike, wai huɗu ce. Kuma kin san wa zai taimaka min ya saya a huɗun? Shi da kansa! Kin ji mai tausayin gwauruwa. Na karanta takardar sau uku ina neman dalili guda ɗaya, ban samu ba, sai wai "abubuwan da ke ƙarƙashi". Yaron da bai yi karatu ba ma haka yake cika takardar jarrabawa da surutu.

Yanzu nake ta haɗa abubuwa. Kin san tun haɗarin da ya ɗauke min 'yar autata, na sa marigayi ya rantse ba zai ƙara hawa babbar hanya da motar nan ba, iyakarsa cikin gari. Kin kuma san ban tsaya a rantsuwa ba, duk Lahadi sai na leƙa mita na rubuta lambar a bayan kalandar kicin. Bai taɓa saɓawa ba, Allah ya jiƙansa. Amma Asabar biyu a kowane wata, tun sassafe zai ce ya tafi wurin Dogo a duba mota, ba zai dawo ba sai rana ta kusa faɗuwa. Shekara tara ana haka. Motar da ba ta zuwa ko'ina, wane irin ciwo ne da ita da ba ya warkewa? Taya kaɗai sau huɗu na ga an canza. Ni dai na ce Dogo ya samu saniyar tatsa, yanzu saniya ta mutu yana son ya tafi da ƙwaryar.

Abin da ya fi ƙona min rai, har da cewa in tuntuɓi ɗana. Wa ya aike shi? Yaron da ya ɗauki ƙanwarsa a mota yana gudun banza, ya dawo min shi kaɗai. Na faɗa masa tun ranar kada ya sake tako min gida, kuma ya ji, ban ma san garin da yake ba. Ranar rasuwar ubansa ko ƙeyarsa ban gani ba. Shi zan tambaya izinin sayar da mota?

Ki faɗa min abin da kika gani, ke da kike cewa na cika zargi.

Yayarki

*

Yaya,

Mun gode da gaisuwa, kowa lafiya. Mai gwiwa ya ce a gaya miki benen ne ya ƙi saukowa.

Na ce kin cika zargi, kuma ban janye ba. Ke ce fa kika taɓa auna madarar gwangwani da rula don ki kama mai sha. Amma wannan karon ni ma na ji wani iri. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai abin da ban gane ba, Yaya, mai son ya cuce ki ai lallaɓa ki zai yi ki sayar da wuri, ba zai ce ki bar ta tukuna ba. Dogon da na sani ko kuɗin faci kunyar karɓa yake.

Ki bar likitan ya kawo nasa bakaniken, wanda bai san Dogo ba, bai san ki ba. A ɗaga motar a gabanki. Gani ya kori ji.

Maganar ɗanki kuwa, kin hana ni, na yi shiru shekara tara. Abu ɗaya zan ce: shi ma ƙanwarsa ce ta mutu. In kin ga dama ki yi fushi, na saba.

Ki gaida gida.
Ƙanwarki

*

Dogo,

Gaisuwa, don ba a raba ni da tarbiyya.

Jiya likita ya zo da bakanikensa, wani tsoho mai fitila a goshi. Bai ko kalli mita ba. Ya durƙusa ya shafa robar da ake taka kuloci, ya ce min, "Malama, zo ki gani." Ta cinye har ƙarfe ya fito. Ya nuna min sitiyari inda hannu ya goge shi ya yi santsi, ya nuna min kujerar direba da ta lotsa. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana karkaɗe wando, ya ce motar nan in ba ta yi kilomita dubu ɗari da talatin ba, a canza masa sana'a.

Likitan ya dube ni ya ce, "Malama, ban zaci haka daga gare ki ba." A tsakar gidana, a gaban dillali, aka yi min kallon mai juya mita. Ni! Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba, har yanzu in na tuna sai jikina ya yi zafi.

Ba a nan ta tsaya ba. Da tsohon ya tura kujerar gefe gaba, sai ga takalmin yarinya ƙafa ɗaya, ɗan ƙarami, ruwan hoda. Gidana rabonsa da ƙaramin yaro an fi shekara ashirin.

To biri ya yi kama da mutum. Marigayi yana kawo maka mota, ka zaunar da shi a benci da shayi da hira, kai ko wani naka ku fice da ita yawon duniya, ko haya kake bayarwa, Allah masani. Ka san hanyar da kake rufe bakin mita. Shi ya sa kake son ka saye ta da arha kafin wani ya leƙa ƙarƙashi. Mutumin da ya ɗauke ka kamar ƙaninsa!

Na ba ka zuwa Litinin. Ka rubuto min inda kilomita dubu ɗari da ɗoriya suka tafi, da mai takalmin nan. In ba haka ba, zan kai takardarka ta farko wurin shugaban ƙungiyarku ta makanikai, daga nan in wuce wurin 'yan sanda. Ka san ni, ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Malama

*

Ranki ya daɗe Malama,

Ina gaisuwa da ladabi, ko da kina fushi da ni.

Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Maigida ya sa na yi masa alkawari, kuma na so in mutu da shi a cikina. Amma an kira ki mai ha'inci a gidanki saboda aikin hannuna, wannan ba zan iya ɗauka ba. Allah ya yafe min, shi ma ya yafe min.

Tsohon ya yi gaskiya, har ma ya rage. Ni na yi, amma ban taɓa juya mita ba. Waya ce guda ɗaya a jikin giya. Ranar Asabar maigida zai iso bakwai saura, in shiga rami in zare ta, ya kama hanya. In ya dawo da yamma in mayar, in wanke ƙurar hanya, in goge ƙwarin da suka mutu a gilashi, don ya ce idonki ba ya barin komai. Tayoyin da kika ga ana canzawa, hanya ce ta cinye su, ba ni ba.

Wurin ɗanki yake zuwa. Tafiyar awa uku da rabi ce. Yana aiki a wani kamfanin katako, yana zaune a ɗaki biyu bayan wurin aikin. Shekarar farko, maigida ya ce min in ya je ba sa ma yin magana, zama kawai suke yi, ya ga ya ci abinci, ya juyo. Yaron ya rantse ba zai ƙara taɓa sitiyari ba, ko a gaban mota ba ya yarda ya zauna. A shekara ta huɗu ne maigida ya dawo ya same ni a bakin rami, ya ce, "Dogo, yau ya ja motar daga ƙofar kamfani zuwa kwanar titi." Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kuka kamar yaro, ni ma na taya shi.

Ɗanki ya yi aure. Takalmin na 'yarsa ne, shekararta biyar. Sun neme shi har sun gaji.

Na sha ce wa maigida ya gaya miki. Sai ya ce, "Bari ta huce tukuna." Kullum gobe, kullum gobe, har goben ta ƙare. Ba raina ki ya yi ba, Malama, tsoro yake kada ki ce ya zaɓa tsakaninku.

Ranar rasuwa ɗanki ya zo. An yi komai da shi a cikin maza, a baya-baya. Daga nan ya zo garejina ya zauna har la'asar yana kallon hanyar gidanku, ya kasa ƙarasawa. Ya ce kin ce kada ya tako, kuma bai ga abin da ya canza ba.

Shi ya sa na ce huɗu. In na bar ki kika karɓi tara, na sa ki cin haram ba ki sani ba. In na faɗi dalili, na tona asirin mamaci. Na ga gara in saya in kai wa yaron, ki zage ni ki huta. Dabarar da kaina ya iya ke nan, kuma ba ta yi ba.

In za ki kai ni ƙungiya, ki kai, ba zan musa komai ba. Likitan kuma in kin yarda ni zan je in gaya masa ba ruwanki.

Allah ya huci zuciyarki.
Dogo

*

Dogo,

Na gaishe ka.

Ban yafe maka ba tukuna, shi ma marigayin ban gama da shi ba. Shekara tara ina rubuta ƙarya a bayan kalanda da hannuna.

Ka je ka wanke ni a wurin likita yau ɗin nan. Ka kuma gaya masa ya nemi wata, wannan ba ta sayarwa ba ce yanzu. Janwenka ka bar abinka.

Ranar Asabar ka zo bakwai saura, ka duba birki da taya a gabana. Kai za ka tuƙa, kuma a hankali. Wurin ɗana za mu, kada ka gaya masa ina tafe. In ya gan ni ya rufe ƙofa, ba zan ga laifinsa ba.

Wayar mitar ka bar ta a jone. Ina so in ga nisan da idona.

Sai ka zo.
Malama