Taken Ɗayyabu a Majigi

Rogo, 1972

Ƙanena Sulle,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Kaduna? Bayan haka, majigin noman gyaɗa da ka yi wa kiɗa ya zo Rogo. Da aka ce kai ne mai buga fiyanon, na baza tabarma a gaba ina ta hura hanci. Sai me zan ji? Taken Yaya Ɗayyabu, wanda makaɗa ke yi masa a gayya in ya sunkuya da garma! Tun da aka binne shi ba makaɗin da ya sake taɓa taken nan, kai kuwa kana ta nanata shi kamar mai dakan gero. Raina ya ɓaci ƙwarai. Majigin zai je gida Karaye, ka kuma san Baba ba ya fashin kallo. Ka sa a cire, kada ka fama wa tsoho miki.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Barira

Kaduna

Yaya Barira,

Bayan gaisuwa da ladabi, a gaida maigida da yara. Faɗanki na bisa hanya, amma kiɗan ya riga ya hau fim, ba ya ciruwa. Da aka nuna mini manomi yana huɗa, yatsuna ne suka tafi kan taken da kansu. Na yi ta cusa wasu sautuka don in lulluɓe shi, duk suka zama hayaniya, na zubar, ya rage shi kaɗai. Mutanen ofis sai yabo suke, wai sauƙinsa ne daɗinsa. Ni dai kewar Yaya ce ta ishe ni. Don Allah ki je Karaye ki tsare Baba a gida.

Allah ya huci zuciyarki.
Ƙanenki, Sulle

Karaye

Sulle,

Gaisuwa. Ba dabarar da ban yi ba, Baba ya ɗauki sandarsa ya fice, na bi shi. Kiɗan na farawa ya miƙe tsaye cikin jama'a, ya yi wa Ɗayyabu kirarinsa kaf. Ba wanda ya ce masa zauna. Na sha kuka.

Da safe ya ce in gaya maka ka cika sauri, Ɗayyabu bai taɓa noma da gaggawa ba. Kuma ka binciko masa ranar da majigin zai je garin Kafin Dafga, ya riga ya ari jaki.

Sai mun ji daga gare ka.
Barira