Kunun da Baba ya sha yana sane

Batsari, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Almustapha, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Kamila da yara, ya kuma sa wa nemanka albarka. Mu nan sai godiya. Maigidana Abdulmumini yana gaishe ka, hannunsa na ɗaure, za ka ji dalili a gaba. Tun da aka rufe layin waya a yankinmu ba ka ji muryata ba, shi ya sa na koma wa biro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san tun muna firamare kake cewa kamar kaza ta yi tono.

Maganar Baba ce. Da aka kashe Inna a Ruma farkon damina, an ce maka harbinta aka yi, aka tsaya nan. Ban so ka ji sauran ba, amma yanzu ya zama dole. Ɓarayin daji sun ɗaure Baba a jikin dalbejiyar ƙofar gida, suka yi ta zabga masa bulala har bayansa ya tsattsage, wai sai ya faɗi inda ya ɓoye shanu. Inna ta fito tana roƙonsu. Ɗaya ya buge ta da gindin bindiga, da ta yunƙura za ta tashi ya harbe ta a ƙirji, Baba yana kallo. Suka cinna wa rumbu wuta suka tafi. Yana nan ɗaure kusa da gawarta har maƙwabta suka dawo daga gudu suka kwance shi.

Tun da muka dawo da shi gidana, Baban da ka sani ya ɓace. Ya daina cin abinci, ya ce komai toka yake ji a bakinsa. Ya ce na daina sa gishiri, ko kuma ina yi masa rowar daddawa. In na ajiye tuwo sai ya yi jifa da kwanon, har yau shatin miyar kuka na nan a bangon zaure. Wata rana kwanon ya same ni a goshi, jini ya rufe mini ido. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini hannu ba ko ina yarinya. Na yi kuka sosai ranar, ba don ciwon ba, don yadda ya dube ni kamar bai san ni ba. Ga miki a bayansa ya ƙi warkewa, ga rama har ƙashin wuyansa ya fito.

Ƙanwar Abdulmumini, Rashida, wadda ke aiki a asibiti a Safana, ita ta zo ta duba shi. Ta ce sau da yawa tsofaffin da ba sa samun nama da wake sosai sukan rasa wani sinadari a jiki da ake kira zinki, sai harshe ya daina jin ɗanɗano, miki ya yi ta jan lokaci, wasu har ransu ya yi ta ɓaci. Ta ba ni ƙwayoyin zinkin, ta ce guda ɗaya kullum bayan ya ci wani abu, ta kuma ja mini kunne cewa wannan ba maganin abin da idonsa ya gani ba ne. To Yaya, ka san ƙwayar nan ita ce ake haɗa wa yara da ruwan gishiri da sukari in suna zawo. Baba na ganin katin maganin ya gane shi. Ya warce ya wurga tsakar gida, ya ɗaga sanda a kan Rashida, ya ce ya binne matarsa, ya rasa shanunsa da hatsinsa, shi ne za a ba shi maganin zawon goyo. Da ƙyar ta fita da mayafinta.

Sai na yi dabara. Kullum da safe nakan narkar da ƙwaya ɗaya a kunun tsamiyarsa, tunda shi kaɗai yake iya kurɓa. Ban san ko maganin ne ko lokaci ne ba, Allah ne masani, amma bayan sati biyar ya ce miyata ta yi gishiri da yawa. Wallahi ban taɓa jin daɗin a kushe mini girki ba sai ranar. Ya fara neman ƙarin tuwo, mikin ya kama bushewa, har ya tsokane ni cewa Abdulmumini haƙuri yake yi da ni. Ya rinƙa zagaya unguwa da sandarsa, kullum yana ƙara nisa. Na gan shi yana wasa magirbi da adda a kan dutse, na ce a raina ai manomi ba ya iya zaman banza. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar Juma'a da hantsi na kai masa kunu na tarar ba ya nan. Abdulmumini ya bi sawunsa, ya cim masa a hanyar Ruma. Baba ya ce geron da Inna ta shuka da hannunta ya nuna, kuma ba zai bar shi ga waɗanda suka kashe ta ba. Ka san duk wanda ya shiga gonakin bakin dajin nan ba da yardarsu ba, harbi ne. Makon jiya ma an ɗauko gawar mutum biyu daga can. Abdulmumini ya riƙe masa riga, Baba ya juyo ya sare shi da adda a damtse, sai da aka yi masa ɗinki shida. Baba yana tsaye a kansa, jini na zuba, ya ba shi saƙo gare ni. Ya ce a gaya wa Zahra'u abu na farko da harshensa ya fara ji shi ne baurin ƙwayar da take sa masa a kunu. Ya gane tun tuni, ya yi shiru ya ci gaba da sha, don yana bukatar ƙafafu.

Na koma ɗaki na buɗe gwangwanin da nake ɓoye maganin, na tarar babu komai, ya tafi da sauran. Yaya, garin neman gira na rasa ido. Na so in dawo mana da Babanmu, ashe guzurin tafiya nake haɗa masa. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushin kaina, ko da yake na san da na bar shi da yunwa ce za ta kashe shi a zaurena.

Wani da ya zo daga Ruma jiya ya ce ya gan shi da rai, yana kwana a kangon gidanmu, ya ɗaure dami huɗu. Gonar kuwa ka san girmanta. Kai ne babba, kai kaɗai yake jin nauyinka. Don Allah ka bar komai ka taho, kada ka tsaya aiko da magani ko saƙo.

Ka gaida mini Anti Kamila, da Musaddiq da Nana Hadiza, ka ce su sa kakansu a addu'a. Rashida ma tana gaishe ka. Yau da safe ma sai da na dama kunun, na zuba a kofinsa, sannan na tuna.

Ƙanwarka mai jiran isowarka,
Zahra'u Lado