Tayar da ke kan bokiti

Yaya,

Sannu da hanya. Na wuce aiki, ban iya jiran isowarka ba. Tayar da za ka gani kwance a kan bokiti, ba mantuwa na yi ba. Kar ka mayar da ita jikin keken.

Aikin da ka ce ba zai yiwu ba sai da sabon rim, wato raba tayoyin keken da tiyub, na yi shi jiya da yamma. Na zare tiyub, na naɗe cikin rim da tef har ramukan suka toshe, na sa bawul, na zuba farin ruwan gam ɗin nan mai toshe huda. Famfo ya kusa cire min kafaɗa kafin tayar ta yi ƙara ta zauna. Mama ta fito da ludayi a hannu tana salati, wai tukunyar gas ce ta fashe.

Ta baya ta kwana da iskarta. Ta gaba ce ke ɗan tsatsafowa ta gefe. Don Allah da azahar ka jijjiga ta sosai, ka juya ta ɗaya gefen, gam ɗin ya bi ya toshe.

In ta riƙe, gobe da kekena zan hau tudun asibiti. Shugabarmu ta asibiti ta ce makara ɗaya ta rage min, kuma ka san ƙayar hanyar nan ba ta da mutunci.

Tsohon tiyub na rataye a ƙofarka. Faci goma sha huɗu, duk aikin hannunka. Ka huta haka nan.

Autarku