Kada Ki Amsa Muryar Cikin Hatsi

Zuwa ga Lubabatu, sanyin idona, ruwan randata bayan wunin noma, inuwar da nake nema idan rana ta take. Gaisuwa daga mijinki, wanda kuke gida ɗaya amma ya koma yi miki magana a takarda.

Kin tuna ranar da ruwa ya kama mu a hanyar Sae Sabuwa, na ja hannunki da gudu zuwa gindin gawo? Kika dube ni, kika dubi rassan da babu ganye ko ɗaya, kika yi ta dariya har da riƙe ciki, wai manomi guda bai san gawo tsirara yake yin damina ba. Muka jiƙe sharkaf. Wannan dariyar nake nema, Luba. Na duba ko'ina a gidan nan ban same ta ba.

Tun da Allah ya karɓi Innarki kike jin ana kiran sunanki da rana tsaka daga cikin hatsi. Kin ce muryarta ce sak, har da ɗan tarin da takan yi kafin ta yi magana. Kika bi maganar manya, ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba. Sai ran kasuwar Cadakori, ina can na kai wake, aka kira ki da tawa muryar, daf da darni. Kika leƙa, karan hatsi na rausaya babu iska, ƙasa babu sawun kowa. Daga ranar ko ni na kira sai ki ƙame, ki toshe kunnuwa. Wa zai ga laifinki? Da me za ki bambanta ni da mai kiran?

Tsofaffi sun ce mutanen ɓoye ne. Malamar asibiti ta ce baƙin ciki ne da aka hana shi kuka. Ni ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar jarunta ba: idan na ratsa gonar nan tsigar jikina tashi take yi. Abin da na sani, ba hauka kike ba, ba raki kike ba. Marainiya ce ke, mai kewar uwarta.

Yanzu yayanki Dikko ya aiko, ran Juma'a zai zo ya mai da ke garinku Gidan Sori, wai gidana bai karɓe ki ba. Wayyo, tauraruwata! In can ne sauƙinki yake, da hannuna zan ɗaure miki kaya. Amma ina zan kai idona idan na shigo na tarar da turminki a kife?

Ga alkawarina. Na daina kiran sunanki. Ta gabanki zan riƙa zuwa, ki gan ni da idonki, in zauna a gefen tabarma. Idan kiran ya zo, kada ki yi kokawa da shi, kada ki tsani kanki don kin ji shi. Ki ji ɗumin yashi a tafin ƙafarki, ki ji sanyin ƙwarya a hannunki, ki ja numfashi a hankali ki sake shi, ina ja tare da ke, har ya wuce. In kukan Inna ya taso, ki yi abinki. Ba zan ce ki yi haƙuri ba, an faɗa miki har ya ishe ki.

Ran Juma'a ba sai kin buɗe baki ba. In zama kike so, ki ɗora hannunki a kan nawa, Dikko ya gani. In tafiya kika zaɓa, zan jira ki, ko damina nawa ne.

Abu ɗaya nake roƙo, a nan ko a can. Idan kika ji muryata tana kiranki daga inda ba kya gani, komai daɗinta, komai magiyarta, kada ki tashi. Ba ni ba ne. Ni ta ƙofa zan shigo, in zauna kusa da ke shiru.

Naki shi kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Garba