Ƙuri'ar Da Na Hana Ki, Herminia

Ya Herminia, sanyin idanuna, hasken safiyar da ke sauka kan duwatsun Cuenca, ke da muryarki ta fi ta biyola zurfi da taushi!

Ƙungiyarmu ta makaɗan biyola, wato matsakaicin gogen Turawa, za ta cika shekara talatin a watan Afrilu, kuma ni aka ɗora wa rubuta tarihinta. Na ɗauki alƙalami, sai na tarar ko'ina na juya ke ce a wurin.

Kin tuna farkonmu? Mu bakwai a ɗakin bayan gidan burodin Don Eleuterio, ƙamshi yana raba mana hankali. Masu ƙaramin goge suna ta yi mana ba'a: "Ku 'yan tsakiya, wa ke jin ku? Ko barci kuka yi a kan kujera ba mai lura!" Ke kika miƙe kika ce, "To, sarakunan ƙara, mu ma za mu kafa tamu ƙungiyar, mu ga wanda zai nemi wani." Ke kika riƙa kwafe mana waƙoƙi da hannu. Ke kika ɓullo da ba ɗalibai aron biyola. Ni kuwa aikina rubuta sunaye da satar kallonki.

Sai shekara ta biyar, da muka shirya gasarmu ta farko, wadda mai nasara zai tafi ƙaro ilimi ƙasar waje. Ina cikin alƙalai uku. Wayyo, wannan rana! Kika ja izga a kan tsirkiya, na ji kamar ruwan farko ne ke sauka kan busasshiyar ƙasa, kamar kogin Tomebamba ya tsaya yana saurare. Alƙali ɗaya ya zaɓe ki, ɗaya ya zaɓi wani, aka zuba mini ido. Duk garin ya san ni nake raka ki gida. Na ji tsoron a ce son zuciya na yi, na miƙa ƙuri'ata ga wancan.

A bakin ƙofa ba ki yi kuka ba. Cewa kawai kika yi, "Anselmo, ba kiɗana ka saurara ba, bakin mutane ka saurara." Da sati ya zagayo kin koma garinku Loja.

Me na tsira da shi, ya furen zuciyata? An kira ni mai adalci, na karɓi yabon ina sane da cewa ƙarya ne. Yau mun haura mutum ɗari biyu, muna taro duk shekara, kuma duk makaɗin da ya zo daga Loja, daga riƙon izgarsa nake gane ke kika koyar da shi. Shekara ashirin da biyar ina tafa wa ɗalibanki, na kasa rubuta miki layi ɗaya!

Yanzu na rubuta gaskiya a cikin tarihin: ke kika ci gasar nan, tsorona ne ya hana ki. Zan karanta shi da bakina a gaban taro. Ba zai mayar miki da shekarunki ba, na sani. Amma ki zo, don Allah ki zo, ko da a kujerar ƙarshe za ki zauna, ko da ba za ki dube ni ba.

Ban nemi wata ba bayanki, ba kuma zan nema ba.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Anselmo