Shekara Biyar Ɗin da Na Ƙara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? Ni nan lafiya lau, kada ki sa komai a ranki.

Kin tuna shekara biyar ɗin da na ƙara wa kaina don a ba ni lasin tuƙi, kina ta dariya wai ko gemu ban yi ba? To, yau sun kama ni. Na je sabunta inshorar motar hayata, ma'aikaciyar ta duba takardu ta ce na cika saba'in, kuɗin ya kusa ninkawa. Akwai mai rahusa, amma in aka yi hatsari motar wani kawai za su gyara, tawa ko oho. Shekara hamsin ina tuƙi, ko kaza ban taɓa bugewa ba! Na ce mata sittin da biyar nake. Ta ce ina shaida?

Motar na ƙofar gida a lulluɓe. Hutawa kawai nake yi. Saƙon wannan watan zai ɗan makara, ki yi haƙuri.

Tun rasuwar Inna, ke kaɗai kika san shekaruna na gaskiya. Ki kula mini da kanki.

Ƙaninki,
Auta