Gashin Rawar Wagi

Baba,

Ina gaishe ka da Mama da ƙanwata Wagi. Aladu dai ba su sake shiga gonar dankali ba ko? Ni lafiya lau nake a dutsen Tari. Sanyi ya ɗan kama min ƙirji, amma kada Mama ta ji.

Na samu saƙonka cewa in aiko da gashin tsuntsun nan mai doguwar jela don rawar bikin Wagi. Baba, jiya na gan shi. Tsoho Hengene, wanda muke raka baƙi kallon tsuntsaye tare, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ɗan yankin Simbu, rufe baki, buɗe ido." Sai ga shi ya ɓullo daga cikin gajimare, baƙi wuluk, farar jelarsa tana bin sa kamar ruwa. Hengene da ya shekara talatin yana harbin irinsa, hula ya cire. Can ƙasa kuwa injin masu yankan katako na ta kuka. Bishiyoyin da tsuntsun yake rawa a kansu saura uku.

Ka gafarce ni, ba zan iya harbinsa ba. Ga sarƙar wuri nan a ba Wagi. Ta yi rawarta, shi ma tsuntsun a bar shi ya yi tasa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Kaupa